Daga Bututu Ɗaya Ake Farawa: Yadda Aiki Mai Wa'adi ke Koya wa Kamfani Cin Moriyar Shararsa

A farkon shekarun 1970 matatar man garin Kalundborg, a gaɓar tekun ƙasar Denmak, tana ƙona rarar gas ɗinta a iska kamar yadda matatu suka saba. Kusa da ita akwai kamfanin Gyproc mai yin allunan bango da silin na jibsam, wanda ke cin wuta sosai wajen busar da allunan. A 1972 suka shimfiɗa bututu tsakaninsu, gas ɗin da ke tafiya a banza ya koma makamashin maƙwabci. Ciniki ne tsakanin mutum biyu: ga abin da nake zubarwa, ga abin da kake saye da tsada, nawa bututu zai ci, a shekara nawa zai mayar da kuɗinsa.

Daga nan abin ya riƙa tsiro ɗaya bayan ɗaya. A 1976 kamfanin magunguna na Novo ya fara bai wa manoman yankin laka mai gina ƙasa da ke fita daga tukwanensa, suna zubawa a gona a matsayin taki. A 1979 tashar lantarki ta Asnæs, mai ƙona kwal, ta fara sayar wa masu siminti tokarta. A 1981 zafin da tashar ke zubarwa ya shiga ɗumama gidajen garin, shekara guda bayan haka ta fara tura wa Novo da matatar tururi ta bututu. A 1993 ta kafa na'urar tace farar wuta daga hayaƙinta, abin da na'urar ke fitarwa kuwa jibsam ne, sai Gyproc ya riƙa saye a ƙofar gida ya rage wanda yake shigowa da shi daga Sifen. Sai a ƙarshen shekarun 1980 mutanen wurin suka lura cewa waɗannan cinikayya sun zama tsari guda, cibiyar da ke kula da shi kuma sai 1996 aka buɗe ta.

Yau duk mai magana a kan tattalin arziki mai zagayowa, wato tsarin da kaya ba sa ƙarewa a juji sai dai a gyara su, a sake amfani da su, ko su zama ɗanyen kayan wani, sai ya ambaci Kalundborg. Abin da aka fi mantawa shi ne yadda aka gina shi. A shekarun 1990 an yi ta zana unguwannin masana'antu a Amurka da nufin kwaikwayonsa tun daga takarda, mafi yawansu ba su kai ga musayar kaya ta gaske ba. Zanen bututun aka kwafa, aka bar ƙwarewar da mutanen suka tara a cikin shekara ashirin suna yin aiki ɗaya, su gama, su kama wani. Wannan ƙwarewar ba a saye ta, ba ta kuma zuwa ta hanyar takardar manufa da shugaban kamfani ya sa wa hannu. Tana samuwa ne idan an ware aiki guda mai iyaka, mai kasafi, mai ranar farawa da ranar gamawa, aka ɗora wa mutane sanannu, sannan aka kwashe abin da suka koya aka zuba shi cikin aikin yau da kullum. Kashi na ƙarshen nan ne yawancin kamfanoni ke faɗuwa a kansa.

Me ya sa sai an ware aikin?

Kamfani an gina shi ne don kaya su bi hanya ɗaya. Sashen saye ana auna shi da arhar abin da ya sayo, don haka ba zai so kayan da aka sake sarrafawa ba idan ingancinsu na hawa da sauka. Manajan masana'anta ana auna shi da yawan abin da inji ya fitar, ba zai yarda a tsayar masa da layi rabin yini don gwaji ba. Akanta ya rubuta shara a babin kashe kuɗi, ba shi da gurbin da zai sa ta a matsayin haja. Mai sito ba shi da wurin ajiye abin da ya dawo daga kasuwa. Kowannensu yana da gaskiya a ma'aunin da aka ba shi, kuma babu ɗayansu da zai iya rufe zagayen shi kaɗai, domin ribar kan fito a littafin wani sashe, wahalar kuma a wani.

Aiki mai wa'adi yana karya wannan shingen na ɗan lokaci. Ana zaro mutum ɗaya daga kowane sashe, a ba su shugaba mai ikon sa hannu a kan kuɗi, a yanke musu abin da za su iya asara ba tare da an tuhume su ba, a ce nan da wata shida ko tara ku kawo amsa. Iyakar ita ce kariyar kowa: mai kamfani ya san ƙarshen abin da zai fita daga aljihunsa, ma'aikata kuma sun san kuskure a nan ba zai ci musu aiki ba. Sharaɗin farko shi ne a kama abu ɗaya tak. Aikin da aka sa wa suna "rage sharar kamfani" ba ya zuwa ko'ina. Wanda aka ce "nemo wa ɓuntun da ke bayan masana'anta mafita" ana iya auna shi, a san ko an ci ko an faɗi.

Sikeli kafin inji

Ƙwarewa ta farko da irin wannan aiki ke koyarwa ita ce awo, kuma abin mamaki ne yawan masana'antun da suka san ɗanyen kayansu har kilo amma ba su san nauyin abin da suke zubarwa ba. A ɗauki injin casar shinkafa irin waɗanda suka yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa. Ɓuntu kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shanshera. Masana'antar da ke cashe tan 100 a rana tana tara ɓuntu kimanin tan 20. Manyan injina sun riga sun gane amfaninsa na farko, suna ƙona shi a tukunyar tururi don turara shinkafa da busar da ita. Tambayar ita ce rarar, da kuma tokar.

Ƙungiyar aikin za ta fara da auna abin na tsawon makonni, ba kwana biyu ba, kuma a lokuta daban-daban: da kaka lokacin da shanshera ta cika, da bazara, da damina lokacin da ɓuntun ke shan ruwa a fili. Abu huɗu ake rubutawa kullum: nauyi, laima, yashi da duwatsun da ke ciki, da girman wurin da ya cinye. Na ƙarshen nan ne ke kashe lissafi da yawa. Ɓuntu ba shi da nauyi, cikin akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi bai cika wuce kilo 100 da ɗoriya ba. Motar da ke ɗaukar tan 30 na siminti, idan aka cika ta da ɓuntu, 'yan tan kaɗan ta ɗauka, kuɗin mai da na direba kuwa ba su ragu ba. Don haka mai sayen da ke nisan kilomita 200 ba mai saye ba ne, sai dai idan an fara matse ɓuntun ya zama dunƙulen makamashi. Injin matsewar kuma yana da tasa matsalar: ɓuntu cike yake da sinadarin silika, irin na yashi, wanda ke cinye bakin ƙarfen injin cikin ɗan lokaci. Wanda bai sa kuɗin walda da sauya wannan ƙarfe a lissafi ba zai ga riba a takarda, ya neme ta a aljihu ya rasa.

Tokar ta fi ban sha'awa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na ɓuntun da aka ƙona yana zama toka, mafi yawanta silika, kuma ana iya haɗa ta da siminti a kankare ko bulo. Sai dai ba kowace toka ba. Idan wutar ta tsaya ƙasa da digiri 700 ko kusa da haka, kuma iska ta wadata, tokar kan fito fara-fara, silikarta tana kama siminti. Idan zafin ya wuce kima, silikar ta daskare ta zama lu'ulu'u, ba ta aiki sosai a siminti kuma ƙurarta na lalata huhu. Idan iska ta yi kaɗan, tokar ta fito baƙa, cike da gawayin da bai ƙone ba, mai bulo ya ga tana shan ruwa ya mayar da ita. Ma'ana, ingancin tokar yana hannun mai kula da tukunya ne, mutumin da tun da aka ɗauke shi aiki ba a taɓa ce masa toka haja ba ce. Ranar da ya fara duba ma'aunin zafi saboda toka, ranar ce kamfanin ya fara koyon abin da ake magana a kai: abin da za a sayar daga baya, tun a gaba ake gyara shi.

Ruwan kurom a majema

Misalin da ya fi nuna yadda ƙaramin aiki ke canza tsarin masana'anta gaba ɗaya shi ne dawo da sinadarin kurom a masana'antar jima, kuma wannan ya shafi unguwannin masana'antu na Kano, wato Challawa da Sharaɗa da Bompai, kai tsaye. A jimar zamani ana zuba gishirin kurom a ganga tare da fata. A yadda aka saba yi, fatar kan sha kashi 60 zuwa 70 cikin 100 ne kawai, sauran ya bi ruwa ya fita. Sinadari ne da ake shigowa da shi da dala, kuma shi ne ke gurɓata rafi da gonakin da ake ban ruwa da shi.

Hanyar dawo da shi sananniya ce, ba ta buƙatar na'ura mai rikitarwa. Ana tara ruwan da ya fito daga gangar kurom a tanki na daban, a tace shi da raga don cire guntayen fata da tsoka. A zuba garin magnisiyam oksaid a hankali ana juyawa, har ma'aunin tsami (pH) ya hau zuwa wajen 8. Kurom ɗin zai kwanta a ƙasa kamar laka, a bar shi ya kwana. Da safe a tsiyaye ruwan sama, a narkar da lakar da asid ɗin salfurik har ma'aunin ya sauko wajen 2.5 zuwa 3, a auna ƙarfinsa, a haɗa shi da sabon kurom a jima ta gaba. An fi son magnisiyam a kan soda domin lakarsa ta fi kwanciya da ƙarfi, ba sai an sayi injin matsa ba.

A takarda layi biyar ne. A ƙasa kuwa matsalar farko ita ce kwata. Tsofaffin majemu da yawa duk ruwansu kwata ɗaya yake bi: na jiƙo, na cire gashi, na kurom, na rini. Muddin suka haɗu, kurom ɗin ya tsinke ya gauraye da datti, babu abin da za a dawo da shi. Akwai kuma haɗari na rai: ruwan cire gashi yana ɗauke da salfaid, idan ya gamu da ruwa mai tsami sai ya saki iskar gas mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke kashe mutum a cikin rami ko tanki cikin mintuna. Don haka aikin gini ne kafin ya zama aikin sinadari: a raba kwata, a sa wa ganga bututunta, a koya wa masu aikin dare cewa ba a buɗe wannan famfon zuwa babbar kwata komai sauri. Matsala ta biyu kitse ne. Idan ba a tace da kyau ba, maiƙo da furotin suna taruwa zagaye bayan zagaye, sai fata ta fara fitowa da tabo ko launinta ya yi duhu. Mai saye na waje ya ƙi kaya sau ɗaya, shugaban sashen jima ya rantse ba zai sake taɓa kurom ɗin da aka dawo da shi ba. Maganin shi ne a fara da ɗan kaso, a kan fata mai ƙaramar daraja, a ajiye samfurin kowace ganga da lambarta, a riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Duba abin da majemar ta samu bayan wata tara, ban da rarar sinadari. Tana da ɗan ɗakin gwaji da mutumin da ya iya auna kurom. Tana da taswirar kwatocinta, wadda wataƙila ba ta taɓa mallaka ba. Ma'aikatanta sun saba da raba ruwa tun daga tushe. Da waɗannan ukun, aiki na biyu, misali sake amfani da ruwan cire gashi, zai zo da sauƙi da arha. Za kuma ta san abin da bai kamata ta yi ba: askin fata mai kurom ba a jefa shi a wutar tukunya, domin ƙonawa na iya juya kurom ɗin zuwa nau'in da ke jawo ciwon daji, ba a kuma niƙa shi a abincin kaji. Ba kowane zagaye ne ya cancanci a rufe ba, kuma sanin wanda za a bari yana cikin ƙwarewar.

Dawo da kaya daga hannun jama'a

Abin da ke cikin katangar masana'anta mai sauƙi ne idan aka kwatanta da wanda ya riga ya watsu a gari. A 2012 kamfanin kafet na Interface da Ƙungiyar Nazarin Dabbobi ta Landan suka fara wani shiri mai suna Net-Works a yankin Danajon na ƙasar Filifin. Masunta na tara tsofaffin ragar kamun kifi na nailan, a saya daga hannunsu, a tura wa kamfanin Aquafil na Italiya, wanda ke narkar da su ya mayar da su sabon zare a masana'antarsa ta Sulobeniya, Interface kuma ya saƙa kafet da zaren. A 2015 aka kai shirin yankin tafkin Ossa a Kamaru.

Fasahar narkar da nailan ba ita ce ta ba su wahala ba, Aquafil ya riga ya iya. Abin da suka koya a filin ya fi kama da aikin dillali. Raga tana da girma ba nauyi, kuma ƙauyukan ba su da lantarki, sai da aka ƙera injin ɗaure dila da ake matsawa da hannu. Ba kowace raga ce irin nailan ɗin da ake so ba, sai an koya wa masu tarawa bambancewa da wankewa. Biyan mutane da yawa 'yan kuɗi kaɗan-kaɗan a wurin da babu banki ya sa aka jingina shirin da ƙungiyoyin ajiya da lamuni na ƙauye. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da kamfanin kafet zai iya hangowa daga ofis.

Masu ƙarfe sun daɗe da warware wannan ta hanyar kuɗi. Kamfanin Caterpillar, wanda ya fara sabunta tsofaffin sassan inji a 1973, yana ɗora kuɗin jingina a kan duk sashen da ya sabunta ya sayar, sai ka kawo tsohon a mayar maka da kuɗinka, kamar yadda mai shago ke riƙe kuɗin kwalbar lemo sai ka dawo da ita. Kamfanin motoci na Renault ya fara sabunta injina a Choisy-le-Roi kusa da Faris a 1949. Gwanintar irin waɗannan kamfanoni tana wajen tantance abin da ya dawo: wanne ne zai gyaru, wanne ne ya tsage, nawa za a biya a kan kowane mataki.

A ƙasar Hausa hanyar tarawa tana nan da ranta. 'Yan gwangwan da 'yan bola jari da dillalansu sun fi kowane kamfani sanin inda roba da ƙarfe da alminiyam suke, maƙeran tukwane kuma sun daɗe suna narkar da gwangwanin lemo. Kuskure ne babba kamfanin ruwa ko na lemo ya buɗe aikin gwaji da nufin kafa tasa rundunar masu tarawa. Abin da ya kamata ya gwada shi ne yadda zai zama amintaccen mai saye a wannan kasuwa: sikelin da kowa ya yarda da shi, biya a ranar, da farashi mai hawa biyu ko uku gwargwadon tsafta. Idan farashi ɗaya ne a kan kilo, an gayyaci yashi da ruwa cikin buhu. Ga robar ruwan gora, bayan an cire murfi da takarda da datti da laima, kilo 100 na dila kan koma kilo 70 zuwa 80 na ɓarzajjiyar roba mai tsafta, wani lokaci ƙasa da haka. Murfin ba matsala ba ne, a tankin ruwa yana tasowa sama, jikin gorar ya nutse. Abin tsoro shi ne robar PVC, irin ta bututun ruwa, wadda ita ma nutsewa take yi. Tana ƙonewa tun kafin robar gora ta narke, 'yar kaɗan ta isa ta sa tan guda ya yi rawaya da ɗigon baƙi. Mutum ɗaya mai ido a kan bel ɗin tsinta ya fi injin wanki mai tsada amfani a nan.

Abin da za a rubuta a yarjejeniya

Wanda ya jingina tukunyarsa da sharar maƙwabci ya ɗaura kasuwancinsa da na maƙwabcin. Gyproc ya san matata kan tsaya don gyara, shi ya sa ya ajiye gas na ko-ta-kwana. Yarjejeniya mai kyau tana faɗin mafi ƙaranci da mafi yawan abin da za a kawo, iyakar laima da datti, wa ke ɗaukar samfur, wa ke biyan mota idan an ƙi kaya, kwana nawa za a sanar kafin a rufe masana'anta, da yadda farashi zai motsa. Na ƙarshen yana da muhimmanci domin ranar da shara ta samu mai saye, ranar mai ita ke fara ganin ta yi arha. Gara a ɗaura farashin da wani abu da kowa ke gani, kamar kaso na farashin dizal ko na sabuwar roba. Ko hakan ma ba ya kare mutum gaba ɗaya: a 2020 da farashin ɗanyen mai ya faɗi, sabuwar roba ta yi arha har masu sake sarrafawa da yawa a duniya suka rasa kasuwa.

Kalundborg kanta ta ga irin wannan juyi. Da tashar Asnæs ta bar kwal ta koma ƙona guntayen itace wajen 2020, tushen tokar kwal da jibsam ɗin hayaƙi ya ƙafe. Tsarin bai rushe ba, domin manajojin sun saba zama tare, sun san lissafin juna, sun iya ƙulla sabuwar musaya idan tsohuwa ta mutu. Akwai kuma ɓangaren hukuma: a Najeriya hukumar kula da muhalli ta tarayya, NESREA, wadda aka kafa a 2007, da hukumomin muhalli na jihohi suna da ta cewa a kan ɗauka da sarrafa shara mai haɗari, ƙetare iyaka da ita kuma yana ƙarƙashin Yarjejeniyar Basel ta 1989. Neman izini yakan ci watanni, don haka a makon farko ake fara shi, ba bayan inji ya iso ba.

Inda ilimin ke zubewa

Raunin aiki mai wa'adi yana cikin ƙarfinsa: yana ƙarewa. Ranar da aka rufe shi kowa ya koma sashensa, ƙwararren da aka ɗauko haya ya tafi da kwamfutarsa, shugaban aikin ya samu ƙarin girma ko wani kamfani ya ɗauke shi. Bayan shekara guda sai ka tarar da tankin kurom ya bushe, ba don hanyar ba ta aiki ba, sai don magnisiyam ya ƙare kuma ba ya cikin jerin abin da sashen saye ke odarsa. Ayyukan da ke tafiya da tallafin masu ba da agaji sun fi faɗawa wannan rami, domin tallafin ne ke biyan mota da albashin mai awo, ba a taɓa sa su cikin farashin kaya ba. A ganina aikin da aka yi bikin buɗewa aka ɗauki hotuna amma ba a canza ko layi ɗaya a littafin akanta ba, asara ce biyu: an kashe kuɗi, an kuma koya wa ma'aikata cewa wannan harka wasan baƙi ce.

Koyon yana da hawa uku. A aikin farko ana lalube ne, kuma ba daidai ba ne a auna shi da riba kaɗai, a auna shi da tambayoyin da ya amsa. A hawa na biyu, wato aiki na biyu da na uku, ana ɗaukar abin da aka gano a maimaita a wani layi ko wani reshe, kuma dole a sa aƙalla mutum biyu daga ƙungiyar farko a ciki, domin mafi yawan abin da suka sani ba ya rubutuwa: yadda laka mai kyau ke kama a ido, wane dillali ne ke jiƙa kaya, wane wata ne ɓuntu ke yankewa. A hawa na uku abin ya daina zama aiki na musamman, ya zama layi a kasafin shekara da nauyi a takardar aikin wani.

Miƙa aikin yana buƙatar wata biyu ko uku na ƙarshen wa'adin, ana gudanar da shi tare da waɗanda za su gada. Wanda zai riƙe shi a san shi da suna tun tsakiyar aiki. Ƙa'idar inganci ta shiga takardar saye, kayan da ake buƙata su samu lamba a sito da iyakar da idan an kai za a sake oda. Matakan aiki a rubuta su a shafi ɗaya, da harshen da masu aikin ke ji, a manna a jikin inji. Akanta ya buɗe wa kayan babi, ya kuma raba ribar yadda sashen da ke shan wahalar zai gan ta a lissafinsa. Ma'aunin manajan masana'anta ya ƙunshi kilo nawa aka dawo da shi a kowane tan, in ba haka ba ranar da oda ta matse zai buɗe famfon zuwa babbar kwata. Abin da ya ƙi aiki ma a rubuta shi da dalilinsa da alƙalumansa, domin gwajin da ya faɗi saboda kuɗin mota na iya tashi idan wata masana'anta ta buɗe a kusa ko farashin dizal ya canza. Bayan wata shida da rufe aikin a koma a auna komai da sikelin farko, ba tare da an sanar da ranar zuwa ba, a kwatanta da alƙaluman makon miƙawa.